Masu Gida ke da Bugun Ƙarshe

Da yammacin Alhamis, 22 ga Satumbar 2011, dattijon da nake haya a gidansa a gefen birnin Boston ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya miƙo makullin motarsa ya ce, "Idona ba ya ganin hanya da dare. Kai kuma wannan babin naka ba yau zai ƙare ba. Wasa shida suka rage, duka a waje. Za ka tuƙa ni?"

Ina karatun digiri na uku a lokacin, kuma gaskiyarsa ce game da babin. Baba, kamar yadda nake kiransa har ya saba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne da ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse cikin ƙasa. Abin da ya rage masa na yau da kullum shi ne ƙungiyar Red Sox ta wasan besbol. Shekara biyu ina zama da shi a baranda yana sauraron wasanta a rediyo, tun ina yi don kara har abin ya shiga raina. Don haka ban yi dogon tunani ba na karɓi makullin.

Ga mai karatun da bai taɓa gani ba, besbol wasa ne na mutum tara-tara. Mai jifa yana tsayawa a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemo ba, mai kulki kuma ya yi ƙoƙarin make ta. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya sheƙa, ya bi ta zango uku ya dawo inda ya tashi, wurin da suke kira gida. Duk mutumin da ya dawo gida maki ɗaya ke nan. In ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi da duk wanda ke kan zango sun dawo gida salin-alin. Idan aka fitar da mutum uku daga masu bugu sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi kulki. Kowane ɓangare ya buga sau ɗaya an yi turmi guda ke nan, in ari kalmar 'yan dambe, turmi tara kuma shi ne wasa. Babu agogon da ke ƙayyade tsawon wasa. Wanda ke gaba ba shi da halin kwanciya a ƙasa yana riƙe ƙafa don lokaci ya ƙure. Dole ya bai wa abokin karawarsa damarsa har ta ƙarshe.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ban ɗauke ta a bakin komai ba sai da na yi wannan tafiya. A kowane turmi baƙi ne ke fara bugu, masu gida su rufe. Idan masu gida suka wuce gaba a turmi na tara, nan take wasa ya tashi, baƙo ba shi da ta cewa. Hatta tufafi sun bambanta: mai gida fari, baƙo ruwan toka. An ce asalin wannan shi ne a zamanin da ƙungiya kan yi makonni a hanya ba ta samun wanki, toka kuwa na ɓoye dauɗa.

Kakar wasa doguwa ce, wasa 162 daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, rabi a gida rabi a waje, kusan kullum. A waccan shekara ƙungiya huɗu ne daga kowane ɗaya cikin manyan rukunoni biyu ke wucewa zuwa wasannin neman kofi na Oktoba. Ranar 3 ga Satumba Red Sox na gaban Rays ta Fulorida da tazarar wasa tara a neman gurbin ƙarshe, tazarar da kowa ke ganin sai dai a jira Oktoba kawai. Sai abu ya juye. Cikin wasa 21 da suka buga a watan kafin mu tashi, biyar kacal suka ci, tazarar kuma ta koma biyu. Mutanen Boston sun san irin wannan. Daga 1918 ƙungiyar ba ta sake ɗaukar kofi ba sai 2004, shekara 86. Mahaifin Baba ya mutu yana jira, kuma Baba ya gaya mini washegarin nasarar 2004 maƙabarta ya nufa da hular ƙungiyar ya ɗora a kan kabarin. Na tambaye shi me zai sa tsoho ya bi ƙungiyar da ke rushewa har garin wasu. Ya ce a gida mutum dubu talatin da ɗoriya ne ke tafa musu, ba su san da zamansa ba. A waje ne ake buƙatar murya ɗaya.

Mun kama babbar hanya mai lamba 95 da safiyar Juma'a cikin ruwa, muka ratsa jihar Connecticut, ganyen itatuwa ya fara ɗaukar ja da rawaya. Kilomita kusan 350 zuwa Niyok. Muna isa aka ce an ɗage wasan ranar saboda ruwan sama, za a haɗa biyu ranar Lahadi.

Wannan ɗagewa ta ba ni abin da ban zata ba. Filin Yankees yana unguwar Bronx ne, Bronx kuwa cike take da mutanen Afirka ta Yamma, cikinsu har da 'yan Zango na Gana da mutanen Nijar. Na samu Juma'a a wani ƙaramin masallaci, na fito na ji ana ciniki da Hausa a bakin titi. Na ja Baba zuwa wani gidan abinci na mutanen Gana, aka kawo mana wake da shinkafa da yaji mai tashin kai. Mai abincin tana ce masa "Sannu, Baba," shi kuma yana share hawaye yana gyaɗa kai. A ranar nan shi ne baƙo a ƙasarsa, ni ne ɗan gari, kuma na lura da yadda ya riƙe kansa: bai ɗaga murya ba, ya ci abin da aka ba shi, ya yaba.

Washegari na gane cewa tarbiyyar filin waje ce ya zo da ita teburin. Muna cikin jirgin ƙasa mai lamba 4, wanda ke bi ta saman titi ya sauke mutum a gindin filin, ya karanta mini dokokinsa. Ka tafa wa naka, amma kada ka juya ka fuskanci masu gida kana tafi. In sun tsokane ka ka yi dariya. In ɗan wasansu ya yi abin a yaba, ka yaba. Hular kanka kuma kada ka cire ta, ko da ana cin ku.

An kuwa ci mu. Sabon filin Yankees, wanda aka buɗe a 2009 daura da inda tsohon yake, gini ne na nuna isa, da faffaɗan zaure da hotunan mazan jiya a rataye kamar fadar sarki. Muna can sama inda kujera ta fi araha, mu biyu da jar alama a hula cikin dubban masu shuɗi. Tun da wuri aka fatattaki mai jifanmu Jon Lester, aka tashi 9 da 1. Tsokana kuwa mun sha ta. Wani ƙato a bayanmu bai bar mu mun huta ba, yana lissafa mana shekarun baƙin ciki ɗaya bayan ɗaya, 1978, 1986, kamar mai karanta tarihin gidansu. Baba ya waiga ya ce masa ya manta da 2004, shekarar da Boston ta fito daga ci uku babu ko ɗaya ta kori Yankees a tsohon filin nasu. Mutumin ya tuntsire da dariya ya miƙo mana ƙunshin gyaɗa. Abin ya yi mini kama da barkwancin Kanawa da Zagezagi, inda zagin kansa shi ne gaisuwa. Gyaɗar kuwa a ɓawonta ake sayarwa, kowa na ɓarewa yana zubar da ɓawo ƙarƙashin kujera. Ita ce ta riƙe ni a tafiyar nan, tunda yawancin abin da ake soyawa a filayen ba na Musulmi ba ne.

Ba ina cewa filayen Amurka aljanna ba ne. Ana shan giya, ana faɗa, kuma a farkon wannan kakar ce aka yi wa wani baƙon ɗan kallo dukan da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa a wurin ajiye motoci na wani fili a Los Angeles. Abin da na gani da idona shi ne masu tsaro na fitar da mai rigima ba tare da duba launin hularsa ba, kuma yawancin masu gida na jin kunyar a taɓa baƙo a layinsu.

Ranar Lahadi aka ci mu na rana 6 da 2. Magariba ta riske ni a cikin filin wajen wasan dare, mako biyu bayan cikar shekara goma da harin 11 ga Satumba, a birnin da aka kai harin. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi. Na sami wani lungu a gindin matakala na shimfiɗa rigar sanyina. Baba bai ce komai ba, ya tsaya ya ba ni baya yana riƙe da takalmana, kamar mai gadin kanti. Da na sallame na ga wani mai shara tsaye da tsintsiyarsa yana jira in gama kafin ya wuce.

Wasan daren ya ƙi ƙarewa. Turmi tara aka yi kunnen doki, tunda kuma babu agogo sai aka ci gaba. Yankees sun riga sun sami gurbinsu, don haka magoya bayansu suka riƙa zamewa, gobe Litinin. Mu da ba mu da inda za mu muka gangaro ƙasa, jajayen huluna daga kowace kusurwa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna gaisawa kamar 'yan ƙauye ɗaya a tashar mota. A turmi na 14 Jacoby Ellsbury ya tsallakar da ƙwallo katanga da mutum biyu a kan zango, aka tashi 7 da 4. Baba ya rubuta abin a littafinsa. Yana da wani littafi mai layuka da yake cika da fensir, kowane jifa da kowane bugu da alamarsa, kuma a gida akwai irinsa cike da kwali tun na shekarun 1960.

Daga Niyok zuwa Baltimo kilomita 300 ne, ta matatun mai da rumbunan kaya na New Jersey, a haye doguwar gadar kogin Delaware. Ba abin gani sosai.

Filin Camden Yards kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. An buɗe shi a 1992 a tsakiyar gari, kuma maimakon a rushe tsohon rumbun ajiyar kaya na kamfanin jirgin ƙasa da ke wurin, sai aka bar shi ya zama bangon filin ta dama: ginin jan bulo mai tsawon fiye da mita 300. Tsakaninsa da filin akwai titin Eutaw, wanda ake rufewa ranar wasa ya koma kasuwar gashi da hira. A daɓen titin an kafa ƙananan faranta na tagulla, kowanne a daidai inda wata ƙwallo ta faɗo bayan ta tsallake katanga, da sunan wanda ya buga da ranar. 'Yan taku kaɗan daga nan gidan da aka haifi Babe Ruth yake a 1895, mutumin da Boston ta sayar wa Yankees bayan kakar 1919, cinikin da 'yan Boston suka daɗe suna ɗora wa alhakin shekarunsu na fari. Baba ya tsaya a ƙofar gidan ya girgiza kai kamar jiya aka yi.

Masu gidan, Orioles, su ne na ƙarshe a rukuninsu, kuma shekara 14 ke nan a jere suna faɗuwa fiye da yadda suke ci. Kujeru da yawa babu kowa, waɗanda aka cika kuma kaso mai tsoka namu ne, har 'yan Boston na yi wa wurin laƙabi da Fenway ta Kudu, da sunan filinsu na gida. Na ji kunyar wannan laƙabi, domin baƙo ne ya shiga ɗakin mai gida ya miƙe ƙafa. A kusa da mu dare ukun nan akwai wata dattijuwa baƙar fata da jikanta, da lemar ruwa mai launin ƙungiyar. Na tambaye ta me ke kawo ta alhali tun tsakiyar kaka ƙungiyarta ta fita daga lissafi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, nan gidanmu ne. Ku ne ya kamata in tambaya."

Na ɗauka ƙungiyar da ba ta da abin samu za ta sakar mana hanya. Ranar Litinin suka ci mu 6 da 3, Rays kuma ta yi nasara, tazarar tara ta zama babu. Ranar Talata muka sha da ƙyar 8 da 7, albarkacin wani sabon yaro, Ryan Lavarnway, da ya tsallakar da ƙwallo sau biyu. Rays ma ta ci. Aka wayi gari Laraba, 28 ga Satumba, kowace na da nasara 90 da faɗuwa 71, wasa ɗai-ɗai ya rage. Da farko na kira abin da Orioles ke yi a fasa kowa ya rasa. Daga baya na ga ban yi musu adalci ba. Da sun sassauta mana, da sun cuci Rays da ke can nesa tana dogaro da amanarsu.

A turmi na bakwai muna gaba 3 da 2 sai ruwa ya kece. Aka ja tamfol aka rufe fili, muka dunguma ƙarƙashin rumfa, masu gida da baƙi kafaɗa da kafaɗa, idon kowa a kan talabijin ɗin da ke rataye. A Fulorida Rays na karawa da Yankees, kuma Yankees na gaba 7 da 0. Ga 'yan Boston suna yi wa manyan abokan gabansu addu'a a fili, dattijuwar nan tana kallonmu tana murmushi.

A tsayuwar nan ta kusan awa ɗaya da rabi tunanina ya koma gida. Ina ɗalibin jami'a na taɓa bin ƙungiyar garinmu ta ƙwallon ƙafa zuwa wani gari da ba zan ambata ba. Laifinmu kawai mun rama ci ana dab da tashi. A kwance muka bar garin a ƙasan bas, gilashi na zubo mana. Kuma don kada in wanke kaina, na taɓa zama a cikin masu gida ranar da aka yi wa wasu baƙi irin haka, ban jefa ba amma ban hana ba. Kirarin Kano Pillars, "Sai Masu Gida", kirari ne mai daɗi, kuma kowane gari na da irinsa a zuciya. Tambayar ita ce ina fifikon mai gida ya kamata ya tsaya. Su waɗannan mutane sun rubuta shi a cikin doka: kai ne da bugun ƙarshe, kai ka san lungunan filinka, jama'arka na bayanka. Iyakarsa ke nan. Mu kuwa sau da yawa mun bar shi a hannun tsoro, tsoron alƙalin wasa da na baƙon ɗan wasa da na ɗan kallon da ya gwammace ya zauna a gida ya kalli wasan Ingila. Mu da muke cewa baƙonka annabinka. Nasarar da aka samu a filin da baƙo ba ya iya zama da hularsa, ban san me take aunawa ba, kuma ina zargin shi ya sa ƙungiyoyinmu kan sha mamaki in sun fita wasannin Afirka.

Ihu ne ya dawo da ni. Rays ta ci maki shida a turmi na takwas. A na tara, an fitar da mutum biyu, saura jifa ɗaya a tashi, wani Dan Johnson da bai taɓuka komai ba duk kakar ya tsallakar da ƙwallo, 7 da 7. Rumfar ta yi tsit ta ɓangarenmu. Aka yaye tamfol muka koma kujeru jiƙaƙƙu.

Mun shiga ƙarshen turmi na tara har yanzu 3 da 2, masu gida ke da kulki. Jonathan Papelbon, wanda aikinsa ke nan rufe wasa, ya fitar da mutum biyu na farko cikin sauƙi. Saura ɗaya. Chris Davis ya buga ya kai zango na biyu. Nolan Reimold, saura jifa ɗaya a fitar da shi, ya maka ta can tsakanin masu tsaro, 3 da 3. Sai Robert Andino, ɗan wasan da ba a san shi sosai ba a wajen Baltimo, ya buga wata gajera zuwa hagu. Carl Crawford, wanda Boston ta ɗauko daga ita Rays ɗin kan dala miliyan 142, ya zamo a ƙasa ya miƙa hannu, ƙwallon ta kufce. Reimold ya dawo gida. Sha biyun dare ta ɗan gota. 'Yan Orioles suka kwararo fili suna tsalle suna danne juna kamar sun ɗauki kofin duniya, su da suka kammala kaka da faɗuwa 93.

Sauran fata ɗaya, Yankees ta ci a Fulorida a sake karawa gobe. Ba mu ko tashi daga kujera ba, minti uku ko huɗu, allon sakamako ya canza: Evan Longoria ya tsallakar da ƙwallo a turmi na 12, Rays 8, Yankees 7. Mai jifan da ya ba shi ita, Scott Proctor, shi ne dai wanda Ellsbury ya doka ranar Lahadi muka yi ta murna.

Jikan dattijuwar yana ta tsalle a kan kujera. Ita kuwa ta bari ya gama, sannan ta sa shi ya miƙa wa Baba hannu. Ta ce mana Allah ya kiyaye hanya, ta ƙara da cewa baɗi ma muna iya zuwa, kujeru na nan. Baba ya cire hularsa a karo na farko cikin kwana shida, ya gaishe ta, ya mayar. Sannan ya zauna ya cika layin ƙarshe a littafinsa, ya haɗa lissafin kowane turmi, ya rubuta kwanan wata, ma'aikata na tattara shara a kewayenmu. Bai yarda mun tashi ba sai da jimilla ta daidaita.

Kuɗin masauki ya ƙare, ni kuma ina da aji ranar Alhamis da yamma, don haka muka bi ta titin Eutaw muka ɗauki mota a daren. Kilomita 650 ne zuwa Boston, ya ɗara Kano zuwa Maiduguri. Na kunna rediyo, masu kira daga Boston na neman a kori kowa da kowa, Baba ya miƙa hannu ya kashe. Kwana biyu bayan nan kocin ƙungiyar, Terry Francona, wanda ya kawo kofin 2004 da na 2007, ya bar aiki. Kafin mu kai gadar Delaware Baba ya yi barci da littafin a ƙirjinsa. Na tsaya a wani gidan mai a Connecticut na yi Asuba, na sayi shayi biyu. Da na tada mota ya buɗe ido, ya dubi allon gudu, ya ce in sassauta ƙafa, motar ba tawa ba ce, kuma yana so ta kai shi Afrilu.